Kwamfuta mai Linux: kafin a ce maku «sai an goge», a fara duba faifai

Ranar 14 ga watan Oktoba 2025 ne kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba, alhali tsofaffin kwamfutoci da dama ba su iya ɗaukar Windows 11. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka rage ma mai irin wannan na'ura ita ce ya sa mata Linux, wanda ake samu kyauta ba tare da sayen lasisi ba. To amma Linux na da nashi ɗabi'u, musamman wajen duba faifan ajiya da gyaranshi bayan kuran ya ɗauke. Mun ga ya dace mu yi ma ƴan kasuwa, maza da mata, bayani a kai, domin abin da ke cikin faifan nan dukiyarsu ce.

Jama'a masu karatu, kwamfuta, wadda wasunmu suka fi sani da ordinatar, ta daɗe da fitowa daga ofisoshin gwamnati ta shigo kasuwa. Mai sayar da siminti da ƙarfen gini a Maraɗi ciki yake rubuta wanda ya ɗauki kaya bashi. Mai fitar da albasa daga jihar Tawa zuwa Abijan ko Kumasi ciki yake ajiye faktir da takardun duwan. Hajiyar da ke sayar da atamfa da leshi a kasuwar Dole ta Damagaram, ko ba ta taɓa kwamfuta da hannunta ba, hotunan kayanta da sunayen matan adashenta suna cikin salula ko cikin na'urar ɗanta. Ranar da na'urar ta ƙi tashi, ƙarfen ana iya sayen wani. Abin da ke hana barci shi ne wa ya biya, wa bai biya ba, kuma nawa ya rage.

Galibi kuwa na'ura kan ƙi tashi ne bayan an ɗauke kuran tana tsakar aiki. Kowa na tune da watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo ma Nijar, sai cikin 2024 aka maido ta. Ko ba wannan ba, kowace bazara in zafi ya haura digiri 40 ɗaukewar kuran kan yawaita. Mai butik ya kunna na'urarshi da safe, maimakon hoton da ya saba gani sai baƙin allo da ƴan rubuce-rubuce farare. Ya kai ma mai gyara, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce: «Alhaji, sai an yi formate.» Formate kuwa ma'anarshi a goge komai a sake sabon zubi. Sau da yawa lamarin bai kai nan ba, domin Linux na tafe da kayan aikin da ke duba faifai ya gyara shi ba tare da an goge komai ba. Sunanshi fsck.

Mangaza da littafinta

Domin a gane aikin fsck, mu ɗauki faifan ajiya, wanda masu gyara ke ce ma diski, tamkar babbar mangaza. An raba ƙasanta gurbi-gurbi, kowane gurbi daidai da ɗan'uwanshi. A mafi yawan kwamfutocin Linux gurbi ɗaya na cin harafi 4096, kimanin shafi ɗaya da ɗoriya na rubutu kenan. Ƙaramar wasiƙa gurbi ɗaya ko biyu za ta ci, hoto ɗaya na salula kuwa ɗaruruwan gurabe. Kowane abin da aka ajiye, wasiƙa ce ko hoto ko lissafi, shi ake kira fishiye.

Duk ɗan kasuwa ya san mangaza ba ta da amfani sai da littafinta. Na faifai yana da sassa huɗu. Akwai shafin farko, inda aka rubuta girman mangazar da yawan gurabenta. Akwai kati ga kowane fishiye, wanda ke faɗin mai shi, girmanshi, ranar da aka taɓa shi, da guraben da yake ciki. Kowane kati da lambarshi. Akwai jerin sunaye, wato dosiye, wanda ke haɗa suna kamar «Bashin watan Maris» da lambar katinshi. Sannan akwai jerin guraben da ba kowa cikinsu. Wannan littafi da ƙa'idar rubuta shi su ake nufi da tsarin ajiya, kuma wanda Ubuntu da Debian da Linux Mint ke sa ma faifai tun farko shi ne ext4.

Ga inda matsalar take. In kun danna ajiye faktir ɗaya, a idonku aiki ɗaya aka yi, amma ga na'ura ayyuka ne bi da bi: ta sauke kayan cikin gurabe, ta cika katin, ta sa sunan cikin dosiye, ta soke guraben daga jerin waɗanda ba kowa. In kuran ya ɗauke tsakanin waɗannan, littafi da mangaza sun saɓa. Ana iya samun kati mai kaya amma ba suna, kamar buhun wake a lungu wanda ba a san mai shi ba. Ana iya samun gurbin da ke cike alhali littafi na cewa ba kowa ciki, gobe a zuba wani kaya bisa na jiya. Ana ma iya samun kati biyu kowane na cewa gurbi ɗaya nashi ne.

Ƙaramin kaye na yini

Linux ya samo asali ne a 1991 daga wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds. Wani Bafaranshe, Rémy Card, shi ya tsara mashi ext a 1992 da ext2 a 1993. A zamanin ext2, duk lokacin da wuta ta ɗauke dole na'ura ta ƙirga mangazar gaba ɗaya kafin ta buɗe, abin da kan ci mintoci da yawa, a manyan faifai ma har awoyi.

A 2001 sai ext3 ya shigo, aikin wani masani Stephen Tweedie, da dabarar da kowace ƴar kasuwa ta sani: kafin a taɓa babban littafi, ana fara rubuta abin da za a yi cikin ƙaramin kaye na yini. In an gama shigar da shi babban littafi sai a soke. In wuta ta ɗauke, da na'ura ta tashi sai ta buɗe ƙaramin kayen, abin da aka rubuta cikakke ta ƙarasa shi, abin da aka bari rabi ta watsar. Cikin ƴan daƙiƙu an gama. Shi ma ext4, wanda ya kammala a Disamba 2008 kuma Theodore Ts'o ke jagorancin kula da shi, da wannan kaye yake aiki. Shi ya sa mafi yawan lokuta kwamfutar Linux ke tashi lafiya bayan ɗaukewar kuran, mai ita bai ma san an yi gyara ba.

Sai dai a lura, littafin mangaza ƙaramin kayen ke karewa. Abin da kuka rubuta a ƙarshe bai shiga wannan kariya ba. Na'ura kan rufe kayen kowace daƙiƙa 5, kuma abin da kuka ajiye yana iya jiran kusan rabin minti cikin ƙwaƙwalwarta kafin ya sauka faifai. Lissafin da ba a danna ajiye ba kuwa ya tafi, ba wanda zai maido shi. Hakanan in faifan ya fara tsufa, ko wayar da ke haɗa shi ta yi sako-sako, ɓarna na iya shiga babban littafi wadda kayen bai san da ita ba. A nan ne Linux ke tsayawa ya ƙi buɗewa. A Ubuntu za ku ga baƙin allo da kalmar initramfs, da saƙon Turanci mai ɗauke da kalmar fsck da sunan faifan. Na'urar ba ta mutu ba. Ta ƙi ci gaba da rubutu bisa littafin da ta ga ya rikice ne, tana jiran a duba.

Yadda fsck ke ƙirga kaya

Shi fsck tamkar mai binciken lissafi ne, kuma a ext4 zagaye 5 yake yi. Na farko ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya ya ga girman da suka faɗa da guraben da suka riƙe. Na biyu ya duba dosiye ko kowane suna na nuna katin da ke akwai. Na uku ya tabbata kowane dosiye na da hanyar da ake isa gare shi daga ƙofar mangaza. Na huɗu ya ƙirga sunaye nawa ke nuna kowane kati. Na biyar ya gwada jerin guraben da ba kowa da abin da ya gani da idonshi.

Babbar doka guda ce, kuma ita muke son kowa ya riƙe: ba a gyara da fsck bisa faifan da ake aiki da shi. Ba mai ƙirga buhuna yana gyara littafi alhali ƴan dako na shiga da fita da kaya. Wanda ya yi haka yana iya lalata abin da yake lafiya lau, garin neman gira ya rasa ido. Dole a rufe mangazar tukuna. In faifan waje ne ko kile, akwai umurnin rufe shi. In kuma faifan da Linux ɗin kanshi ke zaune ciki ne, sai a tada na'urar da kile mai ɗauke da Linux, irin wanda aka girka shi da shi, a duba daga can. A wancan baƙin allo na initramfs kuwa faifan a rufe yake, ana iya aikin nan take.

Layukan da ke tafe na yaranku ne ƴan lakkwal ko na mai gyara. Ku yanke wannan shafi ku ba su. Da farko a rubuta lsblk -f domin a ga sunayen faifai da irin tsarin kowane. Sunayen kan zo kamar sda2 ko sdb1, a sababbin na'urori kamar nvme0n1p2. A tabbata da sunan ƙwarai, domin harafi ɗaya ke raba faifan waje da na ciki. A ce sdb1 ne, sai a rufe shi da sudo umount /dev/sdb1. Sannan a duba ba tare da an canza komai ba, da sudo fsck -f -n /dev/sdb1. Harafin f na tilasta cikakken bincike, n kuma na nufin a duba kawai kada a taɓa. In kurakuran kaɗan ne, sai a sake ba tare da n ba, shi kuma zai riƙa tambaya kafin kowane gyara. Wasu kan sa y domin a amsa «i» ga dukan tambayoyi. Yana da sauri, amma in kurakurai sun yi yawa kuma ba ku da kwafin kayanku a wani wuri, kada a yi gaggawar sa shi.

In ya gama, lambar da yake bari tana da ma'ana, kuma ana ganinta da echo $? nan take: 0 ba kuskure, 1 an samu an gyara, 2 a sake tada na'ura, 4 akwai abin da ya rage ba a gyara ba, 8 binciken kanshi bai yiwu ba. Wanda ba ya son rubuta umurni, a Ubuntu akwai shirin da ake kira Disques in na'urar da Faransanci take, wanda ke da wurin dubawa da wurin gyara, da dannawa kawai.

Buhunan da aka tsinta ba suna fa? Ba ya zubar da su. Yana kai su wani dosiye mai suna lost+found, ɗakin tsintuwa kenan, kowane da lambar katinshi a maimakon suna. Mutane da yawa ba su san da wannan ɗaki ba, sai su ɗauka lissafinsu ya ɓace alhali yana nan da suna kamar #13542. Umurnin file na faɗin ko hoto ne ko takarda ko lissafi, sai a maida mashi sunanshi. Ko shafin farko na littafin ne ya lalace, har na'ura ta ce ba ta san faifan ba, ext4 na ajiye kwafinshi a wurare da dama, na farko galibi a gurbi mai lamba 32768, kuma ana nuna ma fsck shi da harafin b.

A sani kuma ba kowane faifai ne ext4 ba. Fedora ta koma ga Btrfs tun 2020, Red Hat kuma ga XFS tun 2014, kowane da nashi kayan gyara: xfs_repair ga XFS, btrfs check ga Btrfs, wanda masu shi da kansu suka yi kashedi kada a sa shi gyara sai da shawarar masani. Faifan da ya fito daga Windows mai tsarin NTFS kuwa, abin da Linux ke iya mashi kaɗan ne. Gara a kai shi ga Windows a duba da chkdsk.

In faifan kanshi ne ba lafiya

Littafi fsck ke gyarawa. In rufin mangaza ke yoyo, gyaran littafi ba ya hana kaya jiƙewa. Tsohon faifai na da faranti mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da ɗan hannu mai karatu wanda ke shawagi dab da farantin. Zafi, girgizar mota bisa hanya, da faɗuwa daga tebur duk suna cin shi. In kun ji yana ƙas-ƙas, ko na'ura na daskarewa in an buɗe wani dosiye, ko kuma yau an gyara da fsck jibi kuskure ya dawo, to ciwon ya wuce littafi. Faifai na riƙe da bayanin lafiyarshi da kanshi, ana karanta shi da smartctl ko cikin shirin Disques. In ya nuna guraben da suka mutu na ƙaruwa, kwanan faifan ya kusa ƙarewa.

A irin wannan hali cikakken bincike wahala ce ga marar lafiya, domin zai sa shi karanta ko'ina, kuma yana iya ƙarasa shi. Abin da ya dace shi ne a kashe na'ura, a samo wani faifai mai girma ɗaya ko fiye, a kwafe tsohon gaba ɗaya da ddrescue, wanda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ya koma ga masu wuya. Bisa kwafin ake gyara. In littafin ya lalace ƙwarai, akwai TestDisk da PhotoRec, aikin wani Bafaranshe Christophe Grenier, su ma kyauta. PhotoRec na bin gurabe ɗaya ɗaya yana tsinto hotuna da takardu, sai dai ba ya maido sunayensu, ku za ku zauna ku tantance.

Batun jera kaya

Waɗanda suka yi aiki da Windows a shekarun baya sun saba da wani aiki da ake ce ma defragmantasiyo, inda ake zaune ana kallon ƴan murabba'ai masu launi suna matsawa har tsawon awoyi. Har yanzu masu saurare kan tambaye mu a rediyo ko Linux ma na bukatarshi. Ma'anar aikin ita ce jera kaya. In mangaza ta daɗe ana shiga da fita, sai a zo da buhu 100 na gero a rasa fili guda da zai ɗauke su, a sa 30 nan, 20 can, saura a bayan ƙofa. Ba abin da ya ɓace, amma ɗan dako zai sha zirga-zirga kafin ya haɗa su. Haka ɗan hannun faifai ke yi, sai na'ura ta yi nauyi.

Tsohon tsarin FAT na Windows kan zuba kaya a gurbin farko da ya samu, shi ya sa yake saurin warwatsewa. Shi ext4 ba haka yake ba. Yana rarraba dosiye a sassan mangaza daban-daban domin kowane ya samu filin ƙaruwa. Yana jinkirta zaɓen gurbi har ya ga yawan kayan da ke tafe, sannan ya nemi fili guda da zai ɗauke su, kuma layi ɗaya cikin kati na iya riƙe fili a jere har mega 128. Bugu da ƙari yana keɓe kashi 5 cikin 100 na faifan, wanda ke taimaka mashi samun wurin juyawa. Saboda haka a kwamfutar butik da ke rubuta faktir da ajiye hotuna, da wuya warwatsewa ta kai inda za a ji ta.

Mai shakka yana iya aunawa kafin ya biya kowa. Umurnin sudo e4defrag -c /home na bada maki ba tare da ya taɓa komai ba: daga 0 zuwa 30 ba matsala, daga 31 zuwa 55 an ɗan warwatse, daga 56 zuwa sama sai a jera. In ya kai haka, a cire c a sake, kuma shi wannan ana yin shi faifai na buɗe, saɓanin fsck. Abin da ke kawo warwatsewa a Linux galibi cikar faifai ce. In an cika shi maƙil da finafinai da waƙoƙi har ba sauran babban fili, dole a yanka kaya gutsi-gutsi. A bar kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba komai, shi ne maganin.

In kuma na'urarku na da sabon faifai irin SSD, wanda ba faranti ba hannu, to ba a jera shi sam. Ba zirga-zirgar da za a rage, kuma kowane gurbinshi yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka, jerawa cin kwananshi kawai take yi. Abin da yake bukata shi ne a riƙa sanar da shi guraben da aka bari, aikin fstrim, wanda Ubuntu ke yi da kanta sau ɗaya a mako. Don haka in an ce ku kawo ƴan jikkuna a jera maku faifan Linux domin ya yi sauri, ku ce a fara nuna maku makin.

Salula, katin memwar da kile

Iyayenmu mata da ba su da kwamfuta, wannan magana ta shafe ku, domin Android da ke cikin salula bisa Linux aka gina shi. Ajiyar cikin wayar ext4 ce ko F2FS, kuma wayar na duba ta da kanta in ta tashi. Ba abin da za ku yi mata, ba kuma wani shirin «jera ajiya» da ya cancanci ku saukar.

Inda haɗarin yake shi ne katin memwar da kile. Mafi yawansu FAT32 gare su in ba su wuce giga 32 ba, manya kuma exFAT, kuma duka biyu ba su da wancan ƙaramin kaye na yini. In an zare kile ana cikin rubutu, ko batir ya mutu ana ɗaukar bidiyo, ba abin da zai ƙarasa aikin. Shi ya sa ake danna «cire» a jira kafin a zare. In kun taɓa ganin dosiye mai suna LOST.DIR cikin katin wayarku, ɗakin tsintuwar Android kenan, kuma abubuwan da ke ciki masu lamba ba suna suna iya zama hotunan kayanku da kuka nema kuka rasa. Kada ku goge shi kafin a duba. In waya ta ce katin ya lalace a yi formate, ku ce a'a, ku cire shi a kai ga kwamfutar Linux, a kwafe abin da ke karantuwa, sannan a duba da fsck.

Akwai kuma katin jabu, wanda aka rubuta ma giga 64 alhali cikinshi bai wuce 8 ba. Da farko yana aiki lafiya, sai an wuce gaskiyar cikinshi kaya su fara lalacewa, kuma ba fsck da zai gyara wannan. Masu sayar da kati da kile a kasuwa suna iya gwada samfur da shirin f3 kafin su sari da yawa, su tsare kuɗinsu da mutuncinsu wajen masu saye.

Abin da za ku tambayi mai gyara

Ba muna cewa kowane ɗan kasuwa ya zama mai gyaran kwamfuta ba ne. Amma kamar yadda ba ku barin makanike ya sauke injin mota ba ku tambaye shi dalili ba, haka nan ma. Kafin ya taɓa komai, ku tambaye shi ko ya kwafe kayanku zuwa wani faifai. Ku tambaye shi ko ya duba lafiyar faifan. Ku tambaye shi ko ya gwada fsck faifan na rufe, kuma me ya samu cikin lost+found. Mai gyaran da ya san aikinshi ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. In duk an bi waɗannan ba a dace ba, sannan a yi maganar formate, kuma ko a lokacin kwafin na hannunku.

A da Linux kan tsaya da kanshi ya yi cikakken bincike bayan an kunna na'ura kamar sau 30 ko bayan wata 6. Sababbin sun bar wannan al'ada, don haka yana da kyau ku sa a duba maku sau ɗaya ko biyu a shekara, misali kafin shigowar zafi. Mai kwamfutar tebur ya nemi ondilar, ko da ƙarama ce wadda za ta ba shi minti biyar ya ajiye aiki ya kashe na'ura ta hanyarta. Mai ta hannu kuma kada ya yi aiki da mataccen batir, domin batir ɗin shi ne ondilar ɗinshi.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk abin da muka faɗa sauƙi: kowane ƙarshen mako, a kwafe dosiyen bashi da na faktir zuwa kile ko faifan waje, a tafi da shi gida, kada ya kwana wuri ɗaya da kwamfutar. Gobarar kasuwa da ɓarawo ba su barin abin da fsck zai duba. Uwar adashe kuma ta ci gaba da riƙe kayenta na takarda ko da an shigar mata da sunayen cikin waya. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.